Shekarar da Na Sa Kebbe Azumi Talatin da Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka a Tambuwal zuwa gare ka, ɗana. Gaisuwa da yarda da sa albarka. Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Kebbe lafiya, ƙafarka ba ta kumbura ba, jakin nan naka mai taurin kai bai tsaya maka a bakin gulbi ba. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Ni na sa mahaifiyarka ta cusa wannan takarda a gafakarka. Kai ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. Da ka durƙusa yi mini sallama jiya da dare, abin da bakina ya iya furtawa shi ne Allah ya kiyaye hanya, alhali cikina cike yake da magana. Don haka na ɗauko alƙalami, ko da yake idona ya yi rauni, za ka ga layukan sun karkace.

Mutanen Kebbe sun aiko a ba su kai ka yi musu jan baƙi a tafsirin azumin bana, kai ka karanta aya liman ya fassara. Na san kanka ya ɗan kumbura, na ga yadda ka naɗa rawani har sau uku kafin ka zo yi mini sallama. Ka taso ka tarar duk ƙarshen Sha'aban ina takawa zuwa Kebbe, in dawo da damin gero da ƙwaryar man shanu, sai ka ɗauka haka aka haife ni da daraja a garin. Ƙarshen labarin ka sani. Farkonsa zan ba ka yau, don gara ka ji shi daga gare ni da ka ji shi a bakin rijiya.

Ina kamar shekarunka malamina ya tura ni Kebbe yin wannan aiki da za ka yi. Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar bazara. Na sauka gidan liman, matarsa Inna Kulu ke ba ni abinci. Ina da murya, ina da hadda, ina kuma da girman kai wanda ya fi su duka biyun yawa. Gani nake na zo daga gari na shigo ƙauye.

Ran ashirin da tara ga Sha'aban, da rana ta yi ƙasa, aka fita tudun da ke bayan ƙofar yamma neman wata. Ka san hukunci: in ba jama'a mai yawa ce ta gani ba, sai mutum biyu adalai sun shaida a gaban alƙali kafin a ɗauki azumi. A garin akwai wani makiyayi ana ce masa Jaɓɓo, wanda kowa ya sallama wa kaifin ido. Yakan hango saniyarsa tun tana ɗigo a bakin daji ya faɗi sunanta. Shekara da shekaru shi ke fara ganin wata ya nuna wa mutane, wannan ne abin alfaharinsa a duniya.

Aka yi sallar magariba a kan tudun, kowa ya ɗaga kai. Can sai Jaɓɓo ya ce a hankali, "Awa na ga wani abu bisa giginyar can. Amma ban tabbata ba."

Mutane suka duba, ba wanda ya gani. Sai wani ya juyo gare ni ya ce, "Malam Hamidu, kai da kat taho daga Tambuwal, kai ma ba ka gane shi ba?"

Duk ido ya dawo kaina. Ɗana, wallahi ban ga komai ba sai jan sama da tsuntsaye masu komawa sheƙa. Amma sai na ji kunya a ce mai kiwon shanu ya ga abin da mai karatu bai gani ba. Na ɗaga hannu na nuna inda ya nuna, na ce, "Ga shi can." Jaɓɓo ya dube ni ya ce, "Modibbo, ka tabbata? Ni hwa ina shakka." Na ce masa ya bar shakka, abin da ya gani shi na gani. Da ya ji malami ya ƙarfafa shi sai ya yarda da idonsa. Muka je gaban alƙali mu biyu muka shaida, aka buga ganga, aka yi shela gobe azumi.

Wannan shi ne kuskurena na fari, kuma dubi ƙanƙantarsa: kalma uku ce. Ba don in cuci kowa na faɗe ta ba, don dai kada a raina ni ne. To ka ji. A Kebbe za a tambaye ka abin da ba ka sani ba, a gaban jama'a, wataƙila ma tsohon da bai iya alif ba ya san amsar. Ka ce ban sani ba. Za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige, amma kafin a kira isha'i kowa ya manta. Ni da na guji wannan 'yar kunyar, sai da na yi shekara goma sha shida ina ɗauke da babbarta.

Washegari da magariba wata ya fito, siriri kamar yankan farce. Tsofaffi suka fara gunaguni, suna cewa wannan ai watan daren farko ne. Bayan kwana biyu fatake suka iso daga Tambuwal suka ce can sai da suka cika Sha'aban talatin, mun riga su da kwana guda. A nan Allah ya buɗe mini ƙofa. Da na tashi na ce jama'a ku yafe mini, ban gani ba, da an gyara lissafi an wuce wurin. Maimakon haka na tafka kuskure na biyu, na gyara rawani na kawo musu karatu: girman wata ko ƙanƙantarsa ba hujja ba ne, wanda ya gani shi ake bi, ba wanda bai gani ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne a littafi, amma na ɗauko shi ne na yi wa ƙarya shinge. Suka bar maganar don ba su da karatun da za su ja da ni.

Kada ka yi haka da iliminka. In ka kayar da mutum da hujja alhali ka san shi ke da gaskiya, ka ci amanar malaman da suka koya maka.

Ban taɓa yin azumi mai nauyin wannan ba. Ka san sauran hukuncin: in mutum biyu suka shaida, aka cika kwana talatin, sama tana garau, ba a ga watan salla ba, to an ƙaryata su, sai gari ya ƙara kwana. Na san wannan sarai. Saboda haka wata guda cur, mutane na roƙon gafara da Aljanna, ni roƙona ɗaya ne: Allah ka sa watan nan ya fito da wuri, ko ka aiko da gajimare. Na tsawaita asham har tsofaffi suna dafa bango. Na rage cin buɗa-baki, Inna Kulu tana ta yabona wai ba ta taɓa ganin yaro mai tsoron Allah irina ba. Tsoron mutanen Kebbe nake yi. Bakina ya yi azumi, cikina ya yi azumi, amma ban ce astagfirullah a kan abin da ya kamata ba ko sau ɗaya.

Ran talatin gari ya shirya salla. An fid da zakkar kono an kai wa mabuƙata, mata sun ƙunsa lalle, an yi kitso, Inna Kulu ta niƙa ƙullun masa tukunya biyu. Aka hau tudu da fararen riguna. Sama kuwa tas, ko ɗigon gajimare babu. Aka duba, aka duba, har jan sama ya mutu, taurari suka fito. Babu wata.

Alƙali bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gobe azumi na. Shaidun da sunka kawo muna wata, ba a ƙara karɓar shaidarsu cikin garin ga."

Ranar talatin da ɗaya ita ce rana mafi zafi da na taɓa gani, ko kuwa ni na ji ta haka. Mutanen da suka riga suka kwance ɗamara suka sake ɗaurawa. Wani tsohon maƙeri ya faɗi a ƙofar masallaci da azahar, sai ɗaukarsa aka yi. Ƙullun Inna Kulu ya yi tsami ya kumbura har yana zuba. Da magariba ta soya shi haka nan, ta ajiye mini akushi guda ta ce, "Ci, malam. Naka na, kai kas sa shi kwana." Na cinye, don ban ga fuskar bari ba.

Sai kuskure na uku, wanda ya fi sauran muni. Mutane suka riƙa cewa ai laifin Jaɓɓo ne, shi ya fara magana, ya ruɗi baƙo. Na ji, na yi shiru. Ana sauka daga idi na ɗaure kayana na kama hanyar Tambuwal, na bar shi da abin. Daga baya na ji matarsa ta yi kwanaki tana kai nono kasuwa tana komawa da shi, ana ce mata a tambayi mijinta ko nonon ma gani ya yi kamar nono. Mutumin da ake kira tun daga ruga a ba shi wuri a gaban sahu ya koma tsayawa a baya.

Shekara biyu ina Tambuwal ban faɗa wa kowa ba. A ciki na auri mahaifiyarka. Ita ta lura duk Sha'aban ya raba sai in daina cin abinci, in riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta matsa, na ba ta labari, ina jiran ta lallashe ni. Ka san halinta. Tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To mi kaka jira? Wanda kab ɓata ma suna yana Kebbe, kai kana nan kana ɓata min tuwo. Tashi ka tahi." Da safe na tarar ta ɗaure mini guzuri. In Allah ya ba ka mace mai faɗa maka irin wannan, ka riƙe ta da kyau.

Na isa Kebbe ran Juma'a. Da aka sallame na miƙe na ce: jama'a, ni ne Hamidu. Ban ga wata ba a shekarar nan. Jaɓɓo ya ce yana shakka, ni na cire masa shakkar da ƙarya. Laifin nawa ne ni kaɗai. Wani ya yi tsaki, wani ya yi dariya ya ce Malam Talatin-da-ɗaya ya dawo, sunan kuwa ya bi ni. Alƙali ya ce tuba tsakanina da Allah ne, amma hukunci yana nan. Na bi Jaɓɓo har ruga. Ya saurare ni yana jingine da sandarsa, ya ce, "Na ji, Modibbo." Bai ba ni ko wurin zama ba.

Duk da haka, ɗana, azumin da na yi a shekarar nan shi ne na farko da na ji daɗinsa. Kunun tsamiya ya dawo da ɗanɗanonsa. In ka yi wa mutum laifi, kada ka shiga azumi da shi a wuyanka kana cewa yawan nafila zai wanke. Je ka same shi da ƙafarka, ko da ba zai ba ka tabarma ba.

Daga nan na ɗaukar wa kaina abu guda: duk ashirin da tara ga Sha'aban, a Kebbe za ta same ni, a kan tudun nan. Ba wanda ya sa ni. Nakan tsaya a gefe, Jaɓɓo a wancan gefe, don shi ma bai daina zuwa ba, sai dai ya daina magana. Wata shekara jama'a duka su gani, ba a buƙatar kowa. Wata shekara ba a gani, a cika talatin. Kowace shekara kuwa sai an sami mai tsokana ya ce, "Malam Talatin-da-ɗaya, ka gane shi?" In ce ban gani ba. Akwai shekarar da mutum kusan ashirin suka gani, ni idona bai kama ba, suna nuna mini suna cewa ga shi ga shi, na ce ku kun gani, ni ban gani ba. Aka yi ta dariya. Tun ana tambayata don a yi dariya har aka koma tambayata don a ji. Ban lura da lokacin da abin ya juya ba.

Shekara ta goma sha shida da yin ƙaryata, azumi ya zagayo kaka, ana yankan dawa. Kana yaro lokacin, ba za ka tuna ba. Muka hau tudu, akwai ɗan gajimare a yamma. Mutane suka duba suka gaji, wasu har sun fara sauka. Sai na ji an ce a bayana, "Modibbo, taho nan."

Jaɓɓo ne. Shekara goma sha huɗu rabon da ya yi mini magana. Ya tsufa, gemunsa fari fat. Ya sa ni na durƙusa, ya ɗora sandarsa a kafaɗata, ya saita bakinta. Ya ce, "Bar yawo da ido. Bi sandar ga har ƙarshenta, ka tsaya nan. In ka gani ka ce. In ba ka gani ba, kak ka taimake ni."

Na bi sandar da ido. Babu komai. Na ce ban gani ba. Ya ce in yi haƙuri gajimaren ya gota. Hawaye suka cika mini ido saboda ƙurawa, na share, na sake dubawa. Sai ga shi. Siriri, fari, kwance a kan bakin sandar, ƙahonsa biyu suna duban sama. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Na ce, "Na gani." Kafin mu nuna wa na kusa gajimare ya rufe.

Ka ga inda Allah ya kawo mu: mutum biyu kaɗai suka ga wata a Kebbe, kuma su ne mutum biyun da aka hana shaida. Muka je gaban alƙali, shi ne dai na da, ya tsufa har sai an tashe shi zaune. Zaure ya cika. Wani ya ce a tuna abin da ya faru. Alƙali ya tambayi Jaɓɓo, ya ce ya gani, ba shakka. Ya juyo gare ni ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Shekara goma sha fuɗu mutumin ga na takowa daga Tambuwal don shi ce muna bai gani ba. Mun gwada shi da dariya, mun gwada shi da zunɗe, bai canza ba. Yau da yac ce ya gani, ni na karɓa. A buga ganga."

Ba kowa ya gamsu ba. Inna Kulu, wadda ta rankwafa amma bakinta bai rankwafa ba, ta aiko a gaya mini ba za ta jiƙa ko ƙwayar shinkafa ba sai ta ga watan salla da idonta. Na zauna a Kebbe watan duka. Gwajin dai shi ne na da: kwana talatin, in ba wata, an ƙaryata mu har abada. Amma dubi bambanci. Wancan karo ban yi barci ba, wannan karo har liman na tsokanata wai minsharina na hana shi lazimi. Ban roƙi gajimare ba ko sau ɗaya. Na san abin da na gani.

Ran ashirin da tara ba a ga wata ba. Ran talatin ba wanda ya zauna gida, har masu jego da makafi sun hau tudu. Sama garau kamar wancan karo. Jaɓɓo na tsaye kusa da ni, kafaɗarmu na gugar juna. Rana ta faɗi, aka sha ruwa, aka yi salla a gurguje. Ba a gama addu'a ba sai muka ji guɗa daga wajen mata. Inna Kulu ce, da idon nan nata na tsufa, tana nunawa da sanda tana cewa, "Ga shi can! Ku tashi ku gani, malam bai yi ƙarya ba!" Wata ya fito sarai, kowa ya gani, yaro da babba. Kabbara ta tashi har shanun ruga suka firgita. Mutanen da suka yi shekaru suna kirana Talatin-da-ɗaya suka yi ta kama hannuna. Aka ja Jaɓɓo aka kai shi gaba, wurinsa na da. Na ga yana goge ido da bakin rawani, ni kuwa kuka na yi sosai, ban ɓoye ba.

Da safe bayan idi Inna Kulu ta aiko mini da masa mai zafi, ta ce a gaya mini wannan ba ta kwana ba. Da la'asar Jaɓɓo ya kai ni ruga, ya shimfiɗa mini tabarma da hannunsa. Ban taɓa yin salla irin wannan ba, ba na kuma zaton zan sake.

Jaɓɓo ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Kafin ya cika ya ce a kawo mini sandarsa. Ita ce wadda na ba ka jiya, ka karɓa kana yamutsa fuska don ba ta dace da sabon rawaninka ba. Ka riƙe ta. Bana ƙafata ba za ta kai ni Kebbe ba, ko ta kai ni idona ba ya rabe wata da tauraro. Kai za ka hau tudun a madadina. Za su juyo su tambaye ka, don kai ɗana ne, kuma duk abin da ka ce za su karɓa ba tare da sun gwada ka ba. Wannan yardar shekara goma sha huɗu na yi ina gina ta, kalma uku kuma ta isa ta rushe ta. In ka gani ka ce ka gani. In ba ka gani ba, ka faɗa da ƙarfi yadda na baya zai ji.

Sauran kuwa ka san su: kada ka tsawaita asham don a yabi muryarka, akwai masu yini a gona a bayanka. Ka tashi sahur da kanka, can ba mahaifiyarka da za ta yi ta buga maka ƙofa. Ka je ruga ka gai da iyalin Jaɓɓo tun kafin ka gai da masu rawani.

In wani tsoho ya tambaye ka ɗan wane ne kai, kada ka ce ɗan Malam Hamidu na Tambuwal. Ka ce kai ɗan Malam Talatin-da-ɗaya ne, ka faɗa kanka a ɗage. Za su yi dariya, sannan su matsa su ba ka wuri a gaba.

Allah ya tsare ka a tafiyarka da zamanka da komowarka. Allah ya karɓi azuminka da namu, ya tsare harshenka, ya haskaka idonka, ya nuna mana watan salla muna masu rai da lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada ka bar ƙwaryar da ta zuba maka guzuri a Kebbe. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalamu. Mahaifinka.